Darasi na Tara: Iyakar Ikon Malami a kan Ɗalibi

Ya kai ɗalibi, ka sani cewa ranar da iyayenka suka kai ka makaranta, amana suka damƙa a hannun malamai. Saboda haka malami yana da ikon koyar da kai, da tsawata maka, da hana ka abin da zai cutar da kai. Sai dai ikon nan yana da iyaka, kuma doka ce ta shata ta.

Ga misali. A ce wata makaranta a Kontagora ta hana zuwa da wayar hannu, sai wata ɗaliba ta zo da tata. Idan malami ya karɓe wayar, ya yi daidai, domin ɗalibar ta saɓa wa dokar makaranta. Amma idan ya buɗe wayar ya karanta saƙonninta a gaban aji, to ya wuce gona da iri. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin wasiƙu da hirar waya na kowane ɗan ƙasa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ma ta tabbatar wa yaro wannan haƙƙi, tare da bai wa iyaye damar sa masa ido.

Haka abin yake wajen horo. Sashe na 55 na kundin hukunta laifuka na Arewa ya yarda malami ya hori yaron da bai kai shekara 18 ba, muddin bai ji masa mummunan rauni ba. Sashe na 34 na Tsarin Mulki kuwa ya haramta azabtarwa da wulaƙanci.

Idan an tauye maka haƙƙi, kada ka yi wa malami rashin kunya. Ka sanar da iyayenka, su kai ƙorafi ga shugaban makaranta. Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1993, tana da ikon ladabtar da malamin da ya ci amanar aikinsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ma'anar Kalmomi
damƙa: miƙa a hannu
shata: ja layin iyaka
tauye: rage wa mutum abin da yake nasa

Tambayoyi
1. Me ya sa malami yake da iko a kan ɗalibi?
2. Wane sashe ne ya kare sirrin wasiƙu?
3. Bayyana ma'anar karin maganar da ta rufe darasin.