Yadda Ake Zaɓen Keken Ruwa Biyu Ga Mai Ƙaramin Ƙarfi

Wanda ya tashi ya tarar da mahaifinsa bisa Raleigh, wancan baƙin keke na birnin Nottingham ta Ingila, ko bisa Phoenix na ƙasar Sin, idan ya shiga kasuwa yau da niyyar sayen keken kansa na farko, lalle idonsa zai raina fata, domin nau'o'in sun yawaita har sun kai ga ruɗa mai hankali. Daga cikinsu akwai wanda nake kira ɗan ruwa biyu, saboda ya ɗauko rashin nauyi da manyan ƙafafu daga keken tsere, ya kuma ɗauko miƙaƙƙen kai da zama a tsaye daga keken hawan dutse. Shi ne ya fi dacewa da ɗalibi da malamin makaranta da ma'aikaci, waɗanda hanyarsu rabi kwalta ce rabi turɓaya.

Abu na farko, tun kafin ka taka kasuwa, ka ƙidaya abin da Allah ya hore maka, ka ware wani kaso daga ciki ka ɗaure a gefe, kada ka bari harshen dillali ya kai gare shi. Wannan na kwaɗo ne mai ƙarfi, da famfon iska, da fitila, da hular kwano, da ladan mai gyara wanda zai daidaita keken bayan saye.

Na biyu, kuma shi ne asalin al'amarin, girman keke. Ana iya sauya sirdi, a sauya taya, a sauya birki, amma gangar jikin da ta yi wa mutum yawa ko kaɗan ba ta da magani, sai dai ciwon baya da na gwiwa da za ta gadar masa. Saboda haka kada ka aiki kowa, zuwa da kai ya fi aike. Ka haye bisa ƙarfen tsakiya ka tsaya da ƙafafu biyu a ƙasa, ka tabbata akwai ratar yatsu biyu ko uku tsakaninka da shi. Sannan ka zauna a sirdi, ka ɗora dunduniyarka bisa feda alhali tana ƙasa: in ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba, tsayin sirdin ya yi daidai. In ka kama kan keken ka ji kamar kana miƙa hannu cikin rijiya, bar shi, ko da an rantse maka za ka saba.

Na uku, ka kauda ido daga ado. Ina jin takaicin ganin yaro ya tara kuɗinsa da gumi, ya je ya zuba su kan keke mai sifirin gaba da baya, mai giya 21, mai fenti kamar na amarya, alhali sifirin na araha nauyi kawai yake ƙarawa, kuma da ƙurar hunturu ta shige shi sai ya sandare. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kuɗin da kamfani ya kashe a kan wannan ƙawa, daga ingancin sauran sassa ya zaftare shi. Mai zama a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin Kano ko Maiduguri giya 7 ko 8 sun wadace shi, mutumin Jos kuwa yana da hujjar neman ƙari saboda hawa. Ka duba ko kayan giyar na Shimano ne, ko da masu sauƙin kuɗi irin Tourney ko Altus, domin ana samun madadinsu. Birkin roba mai matse bakin ƙafa kuwa, kowane mai gyara ya san shi, ya fi maka birkin faifai na araha wanda zai yi ta kuka ba mai iya lallashinsa.

Na huɗu shi ne taya, kuma a nan akwai wani tarko da ni kaina na taɓa faɗawa ciki. Galibin waɗannan kekuna ƙafarsu 700c ce, wadda a wasu ƙasashe ake rubuta mata inci 28, tsohon keken iyayenmu shi ma inci 28 ake ce masa, alhali ba ɗaya ba ne: faɗin da'irar na farko milimita 622 ne, na biyu 635. Na sayi taya bisa wannan zato, na kai gida ta ƙi zama. Ka karanta lambar da ke jikin tayar, kamar 37-622, ka tambaya ko ana sayar da irinta a garinku kafin ka biya. Ka zaɓi mai kauri tsakanin milimita 35 da 40, wadda za ta jure rairayi da ƙayar tsidau, mai bakin iska irin na mota, wanda duk mai faci a bakin titi zai iya hura maka.

Idan aljihu bai kai ga sabo ba, babu aibi ga na hannu, hasali ma tsohon Giant Escape ko Trek FX mai lafiya ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Sai dai ka tafi da mai gyaran da ka amince da amanarsa. Ku bi duk inda aka yi walda ku nemi tsaga, musamman a jikin alminiyon, wanda in ya tsage gyaransa ke da wuya. Ku ɗaga ƙafa ku juya ta, ku ga ko tana rawa. Ku aza ma'auni a kan sarƙa, in lafiyayya ce, kuka fara daga tsakiyar ƙusa, alamar inci 12 za ta faɗa cif a tsakiyar wata ƙusar, in ta zarce da ɗaya bisa takwas na inci, to ta cinye, kuma mai yiwuwa ta ci haƙoran giya tare da ita, sai a rage kuɗin sauya su daga farashi.

Daga nan ka nemi izini ka hau, ka zaga, ka sauya kowace giya, ka matse birki da ƙarfi. In ciniki ya faɗa, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar keken, wadda galibi aka buga a ƙarƙashinsa, daidai inda fedoji suka haɗu, ka kuma rubuta ta a littafinka saboda ranar da za a nemi shaida.