Shin Kiɗa Na Rage Raɗaɗin Ciwo?

Wani mai sauraronmu daga Hotoro, ma'aikaci a wata masana'anta a Sharaɗa, ya tambaya ko kiɗa zai sassauta wa mahaifinsa raɗaɗin ciwon daji.

To Malam, Allah ya ba Baba lafiya. A 2015 mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 73, inda aka ga waɗanda aka yi wa tiyata kuma suka saurari kiɗa sun fi samun sauƙin zafi da fargaba. Sauti mai daɗi kan ɗauke hankali daga ciwo, numfashi ya daidaita.

Amma kada ku dakatar da maganin da likita ya rubuta. Ku kunna masa abin da ransa ke so, a hankali. In karatun Alƙur'ani ya fi ba shi natsuwa, shi za ku sa masa.