Damina Ta Sauya Hali: Shawarwari Takwas Ga Magidantan Illela

Ranar Lahadi, idan ciniki ya lafa a kara, da wuya hirar dattawan Illela ta ƙare ba a taɓo maganar ruwa ba. Wani ya ce bana ya yi jinkiri, wani ya ce ai ya zo, sai dai a dare ɗaya ya zubar da abin da ya kamata ya raba wa mako uku. Dukansu gaskiya suka faɗa. Tun bayan farin 1973 da na 1984 ruwa ya ɗan dawo ƙasar nan, amma ya dawo da wani hali: ya sauka da ƙarfi kamar da bakin ƙwarya, sannan ya ɗauke ƙafa har shuka ta yi yaushi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hayaƙin kwal da fetur da gas da duniya ke ƙonawa tun kafuwar manyan masana'antu ya taru a sama, yana riƙe zafin rana kamar bargo. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Iska kuwa duk lokacin da ta ƙara digiri ɗaya na zafi, tana iya ɗaukar ƙarin danshi kamar kashi 7 cikin 100, shi ya sa hadari ke yin nauyi. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ɓarna a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin nan, amma ga mu muna biyan bashin da ba mu ci ba.

Kada dai a ɗora wa hayaƙin Turai da Sin komai. Tafkin Kalmalo, wanda ruwan Majiya ke gangarowa cikinsa daga Nijar, fari ya taɓa shi, haka ma madatsun Mozage da Zongo da aka gina don noman ranin Ƙonni. Itatuwan da muka sare kuma da gatarinmu muka sare su. Wasu daga cikin dabarun da ke ƙasa daga maƙwabtanmu na hayin boda suka fito, waɗanda wahalar ta riga mu isa gare su.

1. Kada ku zuba iri duka da ruwan farko

Ruwan farko ya zama mayaudari. Ya jiƙa ƙasa, a fita da sungumi, gero ya tsiro, sai a yi kwana goma sha biyar ba ɗigo. Kafin ku yi shuka, ku tona ƙasa da hannu: in danshi bai kai zurfin taƙi ɗaya ba, a dakata. Mai yin binne kuma ya san caca yake yi, don haka ya raba irinsa biyu, rabi a ƙasa, rabi a ɗaka.

A gona ɗaya a haɗa mai saurin nuna da mai nauyi. Irin gero kamar SOSAT, da wake ɗan kwana sittin zuwa saba'in, suna tsere wa ɗaukewar ruwa da wuri. Amma ban ce ku yar da irin gado ba. Shi ya san ƙasar, kuma karansa da harawarsa sun fi yawa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kiyasin lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa. Hasashe ne, ba wahayi ba, amma ya fi jita-jitar tasha. Ku saurare shi a rediyo, ko ku sa yaro mai waya ya duba muku.

2. Faƙon da kuka yafe, ku yi masa tassa

Akwai wata Illela a Nijar, cikin jihar Tawa, kuma takwarar tamu ta riga mu a wannan fanni. A 1989 aka kai wasu manomanta yankin Yatenga na Burkina Faso, ƙasar marigayi Yakuba Sawadogo, wanda ya shahara da farfaɗo da matacciyar ƙasa ta hanyar ramuka. Suka dawo suka gwada, abin ya bazu, har ta kai ana sayen faƙo da kuɗi, ƙasar da a da ko kyauta ba mai so.

Aikin tassa, wato ramukan nan, a rani ake yinsa. A haƙa rami faɗin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, zurfi kusan haka, tsakanin rami da rami taku ɗaya. Ƙasar da aka fitar a tara ta ta gefen gangare, ta zama ɗan shinge mai tare ruwa. A zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu. Daga nan sai gara ta karɓi aiki: tana bin takin, tana huda ƙasa, ruwa na samun hanyar shiga. Idan ruwa ya sauka, maimakon ya sheƙa ya bar gona, sai ya kwanta a gindin shuka, kuma wannan danshin ne ke riƙe gero idan sama ta yi shiru. Inda fili ke da gangare ana yin babba mai siffar rabin wata.

Wahala kam akwai ta. Faƙo a watan Maris ba ya jin magana, sai da diga da gumi. Kada mutum ɗaya ya ce zai gama gona a shekara guda; a yi gayya, a ɗauki yanki bana, wani yankin baɗi. A jigawa mai rairayi kuwa ba sai an sha wannan wahalar ba, don rairayi ne zai cike ramin.

3. Lokacin sassabe, ku bar wa kututture rai

Wannan ita ce shawarar da ba ta cin ko sisi, kuma a ganina ta fi duk sauran riba. A wajajen 1983, a jihar Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon itatuwa ne masu tsohuwar saiwa a ƙasa. Sai aka fara barin reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a riƙa yi musu aski. Manoman can suka kira shi sassaben zamani. Yau ana kiyasta cewa kadada kusan miliyan 5 a kudancin Nijar sun farfaɗo ta haka, da itatuwa wajen miliyan 200.

Ku gwada wannan da bikin dashen da muka saba gani: a zo da motoci, a dasa, a ɗauki hoto, kafin kaka awaki sun gama da shi. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya haɗa da jihar Sakkwato, kuma in aka kawo dashe a karɓa. Amma tsiron da saiwarsa ta shekara talatin a ƙasa ba ya jiran kowa ya kawo masa ruwa a jarka.

Sabara, kalgo, magarya, aduwa, duk a bar su. Gawo kuwa sarki ne: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin tumaki ne a tsakiyar rani. Masu cewa itace na tara tsuntsu ba ƙarya suka yi ba, amma ku auna ɓarnar tsuntsu da ta iskar farkon damina da ke binne shuka da rairayi a gonar da ba ta da kariya. Abu ɗaya ke kashe wannan aiki: ɓarawon itace da dare. Sai unguwa ta haɗa baki, da sanin maigari, cewa itacen da ke gonar mutum nasa ne.

4. Ku gyara wa ruwa hanya tun yana nesa

Wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ya ji abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024, ya san ƙasar fari ma tana nutsewa. A watan Afrilu ake yaɓe, ba bayan katanga ta jiƙe ba. A duba indararo, a ɗaga dokin ƙofa, a ƙara ƙasa a gindin bango yadda ruwa zai gangara waje. Kwatar ƙofar gida a kwashe ledar da ta toshe ta. Fili mai araha a bakin fadama ko kan tsohuwar hanyar ruwa, ku bar wa mai shi abinsa. Idan malka ta kama kwana biyu, kada a kwantar da yara jikin bangon da ya sha ruwa.

Ruwan da ke zuba daga kwano kuma dukiya ce. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 40, a daminar da ta ba da milimita 500, ya zubar da lita 20,000, wato jarka 800 ta lita 25. Ko duro biyu kuka tara, an rage kuɗin 'yan garuwa. A bar zubin farko ya wanke ƙura, a kuma rufe bakin duron saboda sauro.

5. Zafin bazara ciwo ne, ku ɗauke shi haka

Mun saba da digiri 40, har muna yi wa baƙo dariya. Amma a farkon Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai 48.5, mutane da yawa suka mutu a ƙasar, galibi tsofaffi. Mugun abin shi ne daren da ba ya hucewa, musamman a ɗakin kwano marar silin.

Uwargida, ki sa ido kan tsohuwa da jariri da mai ciki. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai an miƙa masa. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono ya ishe shi. A ƙara ba shi, uwar ta ƙara shan ruwa. Wanda ya fara ruɗewa ko surutai, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi masa fifita, a nufi asibiti. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuwa ba na jira ba ne. Ba mu manta da sanƙarau na 2017 ba. In gudawa ta kama yaro kuma babu ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a kusa, a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

A shimfiɗa zana ko kara a kan kwano, a ɗaure da kyau. A dasa dogon yaro ta yamma da ɗaki. Kayan miya kuma ga dabarar malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, da ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama.

6. Murhu

Duwatsu uku a fili rabin wutarsu iska ke ci. A kewaye murhu da laka, a bar ƙofa ɗaya, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare. Itace ya ragu, idon mai girki ya huta.

7. Rumbu kafin kasuwa

Mu mutanen boda muna da wata damina ta biyu da ba a hasashenta, wato ta siyasa. 'Yan Nijar sun laƙa wa yunwar 1984 sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyaka. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Ranar da fari da rufe boda suka haɗu, mai kuɗi a aljihu ma sai ya rasa abin awo.

Don haka, maigida, kafin dillali ya ga dami ɗaya da kaka, ka ware na ci har zuwa sabon gero, ka ƙara na wata biyu. Biki da suna a yi su daidai ƙarfi. Wake a shanya shi sosai, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko jarka mai murfi a cika ta fal. Ƙwaro in ya rasa iska mutuwa yake, ba sai an zuba maganin da ke kwantar da iyali ba. Albasa, ko ta Galmi ce ko ta gida, a daina ban ruwa kafin cira, a bar wuyanta ya bushe, a ajiye a rudu mai shan iska.

8. Ku ƙirga bakunan dabbobi da yawan harawa

Tumaki goma masu ƙiba sun fi ashirin da ake ɗagawa da hannu a watan Mayu. Da kaka a ɗaure harawa, a hau da ita rumfa, a tara kowa da dusa tun suna da araha. Sannan a yi lissafi na gaskiya: abincin nan zai kai su saukar ruwa, ko da ruwan ya yi jinkirin wata guda? In ba zai kai ba, a kai na sayarwa kara tun suna da nama a jiki, kada a jira ranar da kowa zai kawo nasa ramamme, mahauta su yi yadda suka ga dama.

Burtali kuma a bar shi burtali. Fari ne ke koro garke daga arewa kafin a gama girbi, kuma shanun da suka tarar an nome hanyarsu gona za su faɗa. Bayan an kwashe amfani, ku yi magana da makiyayi ya kwana da shanunsa a gonarku kamar yadda iyayenmu ke yi, shanun su ci kara, ku ku sami takin da za ku zuba a ramukan tassa.