Samfuri a Manhajojin Rubuta Jagorar Masu Amfani: Tsarinsa da Tasirinsa

1.0 Gabatarwa

Kowace manhajar kwamfuta tana buƙatar jagora da ke bayyana yadda ake aiki da ita. Ana rubuta irin wannan jagora da manhajoji na musamman, irin su Adobe RoboHelp da MadCap Flare da HelpNDoc. Ginshiƙin aikinsu shi ne samfuri, wato ƙwarangwal ɗin da ake zuba bayani a cikinsa. Wannan takarda ta duba yadda samfuri yake raba saƙo da kamannin shafi, da abin da hakan ke jawowa.

2.0 Nau'o'in Samfuri

Samfuri iri biyu ne. Na farko yana kula da kamanni: girman haruffa da launi da tambarin kamfani da mazaunin jerin abubuwan da ke ciki. Na biyu yana kula da ƙirar bayanin kansa. Misalinsa shi ne tsarin DITA, wanda kamfanin IBM ya ƙirƙiro, ƙungiyar OASIS kuma ta amince da shi a shekarar 2005. DITA ya kasa bayani zuwa manyan rukunai uku: ma'ana da aiki da manazarta. Shafin aiki yana da gurabe a jere: abin da ake buƙata tun farko, sai matakai ɗaya bayan ɗaya, sai sakamakon da za a gani. Wannan jeri yana tunatar da marubuci kada ya tsallake gurbin da mai karatu ke jira.

3.0 Fa'ida da Haɗari

Da yake saƙo yana zaune daban, rubutu ɗaya yana iya fita a matsayin shafin intanet ko PDF ko CHM. Haka kuma sunan manhaja ana ajiye shi wuri guda. Idan ya canza, gyara ɗaya ya wadatar da shafuka ɗari.

Sai dai kuskuren samfuri ma haka yake yaɗuwa. Ga mai rubutu da Hausa, matsalar takan ɓulla a haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Idan samfurin bai ayyana tsarin UTF-8 ba, ko salon haruffan da ya zaɓa bai ƙunshe su ba, umarnin “Ƙara” yana iya komawa “?ara” a kowane shafi. Tsarin CHM, wanda Microsoft ya fitar a 1997, ba ya ɗaukar Unicode yadda ya kamata a jerin abubuwan ciki da fihirisa. Idan kuwa Ajami ne, dole samfurin ya juya rubutu daga dama zuwa hagu.

4.0 Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kamata a fara gwada samfuri da shafi guda mai ɗauke da dukkan haruffa masu lanƙwasa, a sanya lambar harshe “ha”, a fitar da shi a kowane tsari, kafin a soma rubuta jagorar.