Darasi: Kafa Mamari da Dare

A ƙasar Batsari da Safana yawancin gulabe sukan ƙafe da rani. Babban ruwa na kurkusa shi ne madatsar Zobe, wadda aka gama a 1983 bisa gulbin Karaduwa, wajen Dutsin-Ma.

Mamari doguwar igiya ce mai ƙarfi wadda aka rataya wa gajerun igiyoyi, kowace da ƙugiya a bakinta. Ga yadda ake kafa shi.

Da fari a kafa turke a gaɓa kafin almuru, a ɗaure bakin igiya. Sa'an nan a ja ta cikin ruwa, a ɗaure ɗaya bakin ga wani turke. Tsakanin ƙugiya da ƙugiya ya fi tsawon igiyoyinsu biyu, don kada su sarƙe. A soka tana ko ɗan ƙaramin kifi ga kowace. A ɗaura duwatsu domin igiya ta nutse, da gora bisa ruwa don shaida.

Me ya sa da dare? Domin tarwaɗa da kurungu a lokacin suke kiwo a ƙasan ruwa, da gashin bakinsu suke laluben abinci.

A duba tun da asuba, gama kifin da ya mutu a ƙugiya ba ya jimawa ya ɓaci. A mai da ƙanana ruwa, su ne kamun baɗi. Kada kuwa a kafa mamari a mashaya ko mashigi, inda shanu da yara ke ratsawa. Ƙugiya ba ta san kifi da ƙafa ba.