Tambaya da Amsa: Yaushe Zan Sayi Tikitin Kai Iyalina Gidan Zoo?

TAMBAYA

Ni manomin rani ne a ƙasar Bunkure, ina noman tumatir da albasa da shinkafa. Na daɗe ina yi wa yarana alkawarin kai su Gidan Zoo a Kano su ga namun daji su hau lilo, amma duk Sallar da ta zo sai ta same ni hannu ba nauyi. Bana babban ɗana ya nuna mini a waya wani yana tallan tikiti da rangwame ga wanda ya biya tun kafin Sallah. In biya yanzu ne, ko in bari sai ranar? Kuma wace rana ce ta fi dacewa? Allah ya ƙara basira.

Daga wani manomi a Bunkure

AMSA

 Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka ɗauki alkawarin yara da nauyi, domin yaro ba ya manta abin da mahaifinsa ya ce zai yi masa. Amsar a gajarce ita ce kada ka tura wa kowa ko kwabo ta waya. Tikitin Gidan Zoo a bakin ƙofa ake sayensa ranar da ka je. Abin da ake yi da wuri shi ne ware kuɗin tafiyar da tsayar da ranarta.

Sayen tikiti tun da nisa al'adar manyan wuraren wasa ce na ƙasashen waje, irin su Disneyland da aka buɗe a Amurka a 1955. Tun 2016 kamfanin Disney ya fara bambanta farashin tikitin yini ɗaya gwargwadon lokaci, ranar cunkoso da tsada, ranar da babu jama'a da sauƙi, kamar yadda kwandon tumatir yake hawa da sauka a kasuwar Kwanar Gafan. A Disneyland, wanda ya zaɓi rana da wuri ya biya ta intanet yana iya samun ragi na gaske. Mu a nan ba mu da wannan tsarin a gidan namun dajinmu, don haka biya tun yanzu ba zai rage maka komai ba.

Wannan tallan da ɗanka ya gani kuwa, ka yi hattara da shi. Gab da Sallah ne 'yan damfara suke baza hajarsu a Facebook da WhatsApp: su ɗora hoton wuri, su sa lambar asusun banki mai sunan mutum ɗaya, su ce rangwamen yau zai ƙare. Da ka tura kuɗin, shi ke nan, waya ta daina shiga. Akwai wuraren wasan yara masu zaman kansu da kan yi rangwame na gaskiya ga makarantu ko ga jama'a masu yawa, amma hanyar tabbatarwa ita ce ka aiki ɗan'uwanka da ke birni ya je ofishin wurin da ƙafarsa, ya tambaya, ya biya, ya karɓo rasit. Araha ba ta ado, balle arahar da ba ka san mai ita ba.

Yanzu mu dawo kan abin da yake hana ka tafiya kullum. Kai manomi ne, kuɗinka ba na ƙarshen wata ba ne, na girbi ne. Ita kuwa Sallah ba ta jiran girbi, tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Ƙaramar Sallah ta 2024 ta kama 10 ga Afrilu, ta 2025 ta kama 30 ga Maris. Ga cefanen azumi, ga ɗinkin yara, ga zakkar fid da kai, duk a wuyan mutum ɗaya. Babbar Sallah ta 2025 kuma ta faɗo 6 ga Yuni, daidai lokacin da manomi yake neman taki da iri na damina, ga kuma ragon layya. Idan ka ce sai ranar Sallah za ka laluba aljihu, to kullum wata buƙatar za ta riga yara.

Saboda haka ranar sayen tikitinka ta gaskiya ita ce ranar da dillali ya ƙirga maka kuɗin tumatir ko na buhunan shinkafa. A ranar, kafin ka isa gida masu bin bashi su ji labari, cire na yara ka ba uwarsu ta ajiye, ko ka sa a asusu, ko ka sayi ɗan akuya da sunan wannan tafiya, a sayar idan lokaci ya yi. Tun ran gini ake zane.

Nawa za ka ware? Kada ka tsaya a kan kuɗin shiga, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Kuɗin mota zuwa da dawowa na kowane kai ya fi shi, musamman a kwanakin Sallah da direbobi ke ƙara farashi. Ga adaidaita sahu idan kun sauka. A galibin wuraren wasa kuma kuɗin ƙofa daban, kowane lilo daban, kuma yaron da ya hau sau ɗaya sai ya nemi ƙari. Ka tambayi wanda ya je kwanan nan farashin yanzu, ka haɗa lissafinka, ka ɗora wani abu a kai don ko-ta-kwana. Ku dafa abinci daga gida, ku ɗauki ruwa da zoɓo da tabarma. Ka riƙe tsabar kuɗi har da canji, domin ranar cunkoso na'urar POS kan ƙi aiki mutum yana tsaye a gaban layi.

Batun rana kuwa, idan son samu ne, ka kauce wa kwana ukun farko na Sallah. Titin Zoo Road kan cushe tun daga shataletalen Dangi, layin tikiti ya yi tsawo a cikin rana, kuma ƙaramin yaro sai an ɗora shi a kafaɗa kafin ya hango zaki ta saman kawunan mutane. A irin wannan turmutsitsi ne yara suke ɓacewa, 'yan sane kuma su samu kasuwa. Shawarata ita ce hutun makaranta na Disamba, ban da ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara. A lokacin shinkafar damina ta shigo hannu, hunturu ya kawo sanyi, yaro zai tsaya gaban jimina da kada da birai ya ƙare musu kallo babu mai ture shi. Ka duba kuma kada ranar ta haɗu da ranar ban ruwanka.

Idan yara sun kafe sai da kayan Sallah a jikinsu, wannan ma ba laifi ba ne, domin yawon Sallah yana da daɗinsa. Ku bari sai kwana na huɗu ko na biyar, ku kama titin Zariya da sassafe, ku shiga da hantsi, ku fito kafin la'asar lokacin da samari ke tururuwa. Rubuta lambar wayarka a takarda ka sa a aljihun kowane yaro, ka haɗa kowane ƙarami da babba, ku kuma tsayar da wurin haɗuwa tun daga ƙofa.

Akwai abin da nake so ka gaya wa yaran a hanya. Gidan Zoo yana ɗauke da sunan Audu Bako, gwamnan Jihar Kano na farko, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka kafa gidan, a zamaninsa kuma aka gina madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, wadda ruwanta yake biyo magudanai ya shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Wata rana ka kai su Tiga ma, tunda tana kusa da ku, su ga inda ruwan gonar mahaifinsu yake fitowa, amma a riƙe musu hannu a bakin ruwa.

Malam, ka kira yaran ka faɗa musu watan da za ku je, ka ware kuɗin daga cinikin farko da zai shigo hannunka, ka sayi tikitinka a ƙofa da hannunka. Allah ya ba da damina mai albarka da rani mai riba, ya raya mana zuri'a. Mai tambaya ko ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take.