Yadda Gungun Kwamfutoci Ke Ƙayyade Wa Kansa Aiki

Manyan ma'aikatu irin su bankuna da kamfanonin sadarwa ba sa dogara da kwamfuta ɗaya tak wajen gudanar da hidimominsu. Sukan haɗa uwayen garke biyu ko fiye su zama gungu guda, ta yadda idan ɗaya ta mutu sauran za su ɗauki nauyinta nan take. Ɗalibin ilimin halittu ba zai yi mamakin wannan tsari ba, domin ya san cewa mutum na da ƙoda biyu, kuma guda ɗaya lafiyayya tana iya riƙe shi.

Daga cikin manhajojin da ke kula da irin wannan gungu akwai Pacemaker, wadda Andrew Beekhof ya ƙirƙiro, ta kuma samo asali daga wata manhaja mai suna Heartbeat. Sunayen biyu daga harkar zuciya aka aro su. Aikin Pacemaker shi ne tayar da hidima, da tsayar da ita, da duba lafiyarta, da mayar da ita wata kwamfuta idan bukata ta taso.

Matsala takan kunno kai ne a lokacin da kwamfuta ɗaya ta mutu ɗauke da hidimomi masu yawa. Idan aka jibga wa wadda ta rage dukkansu a lokaci guda, sai su shiga kokawar ƙwaƙwalwa da faifan ajiya, kowace ta yi nawa. Ga shi kuwa kowane aiki yana da wa'adi, wanda yake daƙiƙa 20 idan ba a sauya shi ba. Aikin da ya wuce wa'adinsa, gazawa ake rubuta masa. Idan kuwa aikin tsayar da hidima ne ya gaza, gungun yakan kashe kwamfutar baki ɗaya don kare bayanai. Ke nan lafiyayyar kwamfuta tana iya mutuwa saboda yawan kaya kawai. Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Maganin wannan shi ne iyaka. Pacemaker tana ƙayyade yawan ayyukan da kwamfuta ɗaya za ta yi a lokaci guda, kuma idan mai kula bai faɗi adadi ba, takan ɗauki ninki biyu na yawan ƙwaƙwalen sarrafawa da ke cikinta. Haka nan idan nauyi ya doshi kashi 80 cikin 100, takan rage adadin da kanta. Alal misali, kwamfuta mai ƙwaƙwale 4 za ta karɓi ayyuka 8 a tashi ɗaya. Idan hidimomi 40 ke jira, kowace tana cin daƙiƙa 10, za a yi sahu 5, a gama cikin daƙiƙa 50.

Zuciyar ɗan Adam ta riga injiniyoyi wannan dabara. Tsakanin ɗakunanta na sama da na ƙasa akwai wani ɗan ƙulli, wanda masanin Japan Sunao Tawara ya bayyana a 1906. Ta nan saƙon lantarki ke bi. A wata cuta, ɗakunan sama sukan aiko da saƙo fiye da 300 a minti ɗaya, amma ƙullin ba ya barin dukkansu su wuce. Da zai bari, da ɗakunan ƙasa ba su sami sukunin cika da jini ba, rai ya salwanta.

Sai dai iyaka ma tana da farashi. Idan ta yi ƙanƙanta, jama'a za su daɗe suna jiran hidima. Idan ta yi yawa, a koma gidan jiya. Saboda haka mai kula da gungu yakan kashe kwamfuta ɗaya da gangan a lokacin gwaji, ya auna, sannan ya tsayar da adadi.

Aiki ga ɗalibai: idan aka rage iyakar zuwa ayyuka 2, daƙiƙa nawa hidimomin nan 40 za su ci kafin su tashi?